Inuwar da ke Gefen Kogin

…kuma wai wannan shi ne zane. Malam Arzika na zaune a bencin asibitin ido a Dutse, yana hararar hoton kogi da ke rataye a bango. Na wani Bature ne, in ji Mashkura, 'yarsa da ta rako shi. Ba layi ko ɗaya. Ɗige-ɗige kawai — shuɗi, ruwan ƙwai, ɗan ja — kamar kaza ta taka fenti ta bi ta kan allo. Shekara talatin yana rubuta allunan shaguna a Limawa, da shi ya kai wa mai shago irin wannan, ai da tsintsiya za a raka shi.

Amma fa ruwan na motsi. Hasken hantsi ya kwanta a kai, ya farfashe… haka kogi yake a hanyar Taura, ranar kasuwa, ranar da — a'a. Mutumin nan mai cire yanar ido da allura. Zauna a tabarma, Malam, yanzu za ka ga ƙwayar gero a ƙasa. Ya gani kuwa, kwana uku. Sannan idon hagu ya mutu murus. Wa ya aike shi? Ba Mashkura ta ce a jira likita ba? Ƙato da gemu, tsoron wuƙar asibiti…

Saura na dama. Shi za a duba yau, shi kaɗai ya rage tsakaninsa da sanda.

Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai. Tun watan jiya haka duniya ta koma masa, bishiya ba gefe, haske na zuba cikin komai. Ashe Baturen ba kasawa ya yi ba?

Ga inuwa can dama, ƙarƙashin itatuwa. Ta ci gaɓar kogin, ta ci rabin kwalekwalen. Ɗazu kamar ba ta kai nan ba… Ya juya kai kaɗan. Ta biyo shi? Ko ba ta biyo ba? Mai zane yakan sa inuwa, shi ma ya sani. Amma inuwar zane ba ta tafiya.

Tambaya ɗaya ce. Mashkura, akwai duhu a gefen can? Ga ta nan, kafaɗarta na taɓa tasa. In ta ce akwai, alhamdu lillahi. In kuwa ta ɗaga kai, ta daɗe tana dubawa, ta ce wane duhu, Baba…

Ya buɗe baki. Ya rufe. Bari dai a kira sunansa tukuna.