Nazarin Malam Maharazu

A unguwar su Malam Maharazu, can bayan Kusugu, ko yaro ya san Malam da karta ba sa ga-maciji. Tun da aka kafa kwamitin gyaran tarbiyya na unguwa, shekarun da ake ta ɗokin shari'a, shi ne mai bin dandali yana ƙwace karta a hannun samari yana cinna mata ashana. Abin bai tsaya a waje ba. Har lidon matarsa Rahmatu, wanda take bugawa da maƙwabta in an sauke tukunya, ya ɗauke ya kulle a akwati, wai ƙanwar caca ce. Rahmatu ta dai dube shi.

To amma Malam yana da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin baƙi, wadda ya saya don buga tambayoyin jarrabawar makarantar da yake koyarwa. A cikinta akwai wasan karta irin na mutum ɗaya. Da kuskure ya fara buɗe shi, ya yi a'uziyya ya rufe. Washegari kuskuren ya sake faruwa. Kafin damina ta fita, da an idar da azahar sai ya turo ƙofa ya ce zai yi nazari, kada a dame shi. Har fatawa ya yi wa kansa: babu abokin wasa, babu abin da aka zuba, kartar ma hannu ba ya taɓa ta. Fatawar ta gamsar da shi sosai, amma ya gwammace ya mutu da a ji ta a waje.

Sai makaranta ta ba shi sabuwar firinta, kwamfutar kuwa ta ce ba ta san wannan baƙuwa ba. Emenike, mai shagon gyara a bakin kasuwa, ya zo ya duba.

"Malam, Windos ɗinka ya tsufa. Sai an ɗora sabo."

Malam ya tuna da wasansa. In Emenike ya shiga cikinta zai iya gano abin, in kuma bai gano ba zai iya sharewa, kuma Malam bai san wanne ya fi tsoro ba. Ya buɗe baki zai tambaya, ya tuna ko shi wane ne, ya ɓige da tambayar lafiyar iyali.

Ranar aikin ta faɗa kan ɗaurin aure a Sandamu. Ya bar wa Rahmatu makulli ya tafi, ya ci tuwon biki bai ji ɗanɗanonsa ba. Bai dawo ba sai bayan la'asar, ya tarar 'yan kwamiti sun riga sun cika ɗakin, don ranar zama ce kuma a gidansa ake yi. Shugabansu, Alhaji Nagoggo, dattijo mai furfura har a gira, yana kan kujerar gaba. Emenike na naɗe wayoyinsa.

"Ka zo daidai, Malam. Kunna su Alhaji su gani."

Ya kunna. Wani sabon sauti mai daɗi ya tashi, fuskar kwamfutar ta cika da manyan akwatuna kala-kala. A tsakiya, wanda ya fi kowanne girma, ga sarkin karta da gemunsa yana kallon kwamitin gyaran tarbiyya.

"Babu abin da ya ɓata," in ji Emenike yana murmushin wanda ya iya aiki. "Madam ta yi min magana ta bayan labule. Ta ce in duba abin da ka fi buɗewa in sa maka shi a gaba, babba, saboda idonka. Ta ce da shi kake nazari."

Zufa ta keto wa Malam ta ƙarƙashin hula. Kunya irin wannan bai taɓa jin ta ba, har ya fara lissafin garin da zai koma da zama. Ya kai hannu kan maus zai kawar da abin, sai dai sabon tsarin bai san hannunsa ba, shi ma bai san shi ba. Ya danna, wasan ya buɗe ya cika fuskar gaba ɗaya. Kuma ba sabo ba ne, wanda ya bari jiya ne bai ƙarasa ba, ga kartar a jere kamar shanya.

Ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci.

Alhaji Nagoggo ya gyara zaman tabarau, ya matso da kujera, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi gyaran murya.

"Maharazu."

"Na'am, Alhaji."

"Wannan jar bakwai ɗin, me take jira? Ɗora ta kan baƙar takwas mana."

Daga can baya ma'ajin kwamiti ya yi caraf ya ce, "A'a, Alhaji, zai toshe kansa. Ya fara buɗe ta gefen can." Yana rufe baki ya gane abin da ya faɗa, ya shiga neman carbinsa a aljihu.

Ranar ba a tattauna komai ba. Aka yi addu'a a gurguje, kowa ya nemi takalminsa ba ya kallon ɗan'uwansa.

Da suka watse, Malam ya shiga ɗaki ya buɗe akwati. Rahmatu na tsakar gida tana tankaɗe. Ya ajiye lidon a gefen tabarmarta, yana kallon bango.

"Malam, sabon Windos ɗin ya yi?"

"Ya yi."

"Madalla. Ni dai ba na so nazarinka ya tsaya."

Ta karkaɗe garin hannunta, ta jefa ɗan lido a gwangwaninsa ta girgiza, sannan ta leƙa ta kan katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.