Shekara Shidan da Shefali Ta So Ɓoyewa

Shefali ta dawo daga shagon mai buga takardu da tarihin aikinta a hannu, shafi biyu, sai ƙyalli yake. Wani asibitin ƙoda a birnin Khulna ne ke neman mai karɓar marasa lafiya, jibi za a rufe karɓar takardu. Abin da ke cin ranta shi ne shekara shidan da ta yi tana jinyar mahaifinta har Allah Ya karɓi abinsa. Mai shagon kuwa, gwanin cike gurbi, ya rubuta wai aiki ta yi a wani kamfani a Dhaka. Haka yake yi wa kowa, kamfanin ma bai taɓa canza shi ba!

Yayarta Morjina, wadda tantance takardun masu neman aiki ne aikinta a masaƙa, ta tsame hannu daga shinkafa da kifi ta duba.

"Iye! Manyan Dhaka! Yaushe kika je ban sani ba?"

"Yaya, to me zan rubuta? Ba abin da na yi."

"Ba abin da kika yi? Wa ke kai Baba wankin ƙoda?"

"Ni."

"Sau nawa?"

"Uku a mako."

"Wa ya tsara wa masu jinya layi suka daina faɗa a bakin ƙofa? Ke dai kin cika raina kanki. Goge ƙaryar nan. Cire tsawonki da sunan kakanmu, ba miji kike nema ba. Shafi ɗaya, abin da kika iya a sama, ki sa adadi."

Shefali ta rubuta tana share hawaye, don wallahi ba ta taɓa ɗaukar shekarun nan a bakin komai ba.

Ranar ganawa, shugabar ma'aikatan jinya ta daɗe tana duban inda Shefali ta rubuta zancen kai mahaifinta wankin ƙoda.

"Shekara shida, ba fashi?"

"Sau ɗaya, ranki ya daɗe. Ruwa ya shanye hanya. Washegari na kawo shi a kwalekwale."

Matar ta cire tabarau ta nuna mata wani dattijo a benci, ya riƙe kati a juye, ɗiyarsa na ta waige-waige.

"Yau suka fara zuwa, a tsorace suke. Je ki zauna da su tukuna, a shirya miki takardar kama aiki."