Ranar da Inshorar Yaya Deok-im Ta Cika Shekara

Shekara goma sha tara ina sayar da inshora a garin Mokpo, kuma in akwai abin da nake taƙama da shi, to bakina ne. Ina iya sa mai sayar da kifi ta ajiye wuƙa ta sa hannu a takarda tun kafin ta ɗauraye hannunta. Bakin nan ne ya jawo mini abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Deok-im matar yayana ce marigayi. Tun da ya rasu take riƙe da rumfar busasshen kifi a kasuwa, da ita take biyan karatun 'yarta Ye-rim a Gwangju. Mace ce da ba ta san wasa a magana ba, abin da ka faɗa mata shi ta ɗauka. Na daɗe ina bin ta ta sayi inshorar ciwon kansa, wato ciwon daji, sai a watan Janairun bara ta gaji da nacina ta yarda. Tana sa hannu na karanto mata karatun da nake yi wa kowa.

Na ce, "Yaya, buɗe kunnenki. In aka gano ciwo cikin kwana casa'in, ko sisi ba za su ba ki ba. In kafin shekara ne, rabi za su biya. Saboda haka kar ki kuskura ki yi ciwo sai baɗi war haka. In ma ya zo, ki ce ya jira a waje."

Matan rumfunan kusa suka kwashe da dariya, kamar yadda ake yi duk inda na faɗi haka. Ita ba ta yi ba. Biro ta ɗauka ta rubuta wani abu a bayan kalandar da ke rataye a rumfar.

A watan Afrilu matan kasuwa suka tafi gwajin nono na kyauta, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, ta bi su. Takardarta ta fito cewa hoton bai nuna komai ba, amma tsokar nononta cunkushe take, irin wadda hoton ba ya gani sosai ta cikinta, don haka a ƙara da sikanin. Shi kuwa sikanin ba ya cikin na kyauta. Kusan won dubu ɗari biyu ne a kuɗinmu daga aljihunki, sai fa in kin ce kina jin wani abu a jikinki, nan ne inshorar gwamnati ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Kowace mace a kasuwar nan ta san wannan, har da waɗanda ba sa karatu.

Ni na ja ta asibitin da kaina. Wata nas ta ɗauko fam, ta dube ta da irin kallon nan na mai son taimako.

"Mama, kina jin ciwo a wurin? Ko wani ƙullutu?"

"Babu."

"Ko ɗan tsunkuli haka, jefi-jefi? Ki yi tunani da kyau, kar ki yi sauri."

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, takawa ta gaske. Ko gezau ba ta yi ba.

"Babu, 'yata. Lafiyata ƙalau."

Nas ta sauke numfashi ta faɗi kuɗin. Yaya ta naɗe takardarta ta miƙe. Muna fita na hau ta da faɗa tun daga bakin ƙofa har tashar bas.

"Ke kaɗai ce mai gaskiya a Mokpo? Yarinyar nan saura kaɗan ta rubuta miki amsar a tafin hannu! To kawo rabi in cika rabi, mu koma."

Ta ce, "Goggon Ye-rim, bar shi. Kifi na yana can ba mai tsaro."

Na ce ta je ta ci gaskiyarta da kimchi, kabejinmu mai tsami. Na ba da labarin a wurare da yawa, ina kwaikwayon yadda take cewa "babu", ana dariya. Daga nan na manta, don ina da mutanen da zan bi.

Ranar sha bakwai ga Janairun bana, da hantsi, ta kira ni ta ce in zo gidan wankan jama'a in cuɗa mata baya. Na yi mamaki, don ta yi watanni tana zille mini, kullum da uzuri, alhali da duk Lahadi tare muke zuwa. Na same ta a kusurwa kan ɗan kujerar roba, tawul a ƙirjinta. Na zauna a bayanta na fara cuɗa, ina tsokanarta cewa dauɗar shekara guda sai an kawo fartanya.

Sai ta kamo hannuna, ta zagayo da shi gaba, ta ɗora a gefen nononta na hagu.

Abu ne mai tauri, ya kai ƙwan kaza, kuma ba ya motsi. Fatar wurin ta lotsa. Na fizge hannuna kamar na taɓa murhu. Ƙarar ruwa da surutun mata duk suka ɗauke mini.

Da ƙyar na ce, "Yaya, mene ne wannan? Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika taka mini ƙafa yana nan. Lokacin bai fi ƙwayar wake ba."

"Kina ji? Kina jin sa kika ce wa nas babu?"

"To ba ke kika ce rabi za su biya ba? Rabi ba zai kai mu ko'ina ba, Ye-rim ce za ta bar makaranta ta zo ta zauna a rumfa."

"Wasa nake yi! Yaya, wasa ne, kowa na faɗa wa haka!"

Ta juyo ta dube ni, ba fushi a fuskarta ko kaɗan, shi ya fi tsorata ni.

"Na duba takardar da kika ba ni. A rubuce yake."

A rubuce yake kuwa, a shafi na huɗu, ni ma na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Wata tara ke nan tana tashi da abin nan, tana kwana da shi, tana auna kifi tana kallon kalanda, ni kuma ina yawo ina ba mutane dariya da ita.

Ta mayar da tawul ɗinta ta rufe ƙirji, ta ce, "Jiya inshorar ta cika shekara. Na ƙara kwana ɗaya don kar su ce ban cika ba. Yanzu duka za su biya, ko?"

Kafin in san me nake yi, bakin nan nawa na aiki ya riga ya amsa mata.

"Duka."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka sauke wa kaya.

"To ƙarasa mini bayan, sai ki raka ni wurin nas ɗin nan. Yau zan ce mata ina ji."