Jan Zare a Takalmin Hassana

Shekara biyu ke nan da Zakiyyu ya ɗinke mini takalmi da jan zare. A rumfarsa ta gyaran takalma cikin kasuwar Ikara, baƙin zare yake sa wa kowa. Amma ran nan sai ya zaro wani ɗan ƙulli ja daga aljihun rigarsa, ya ce, "Wannan ba na kasuwa ba ne, Lantana. Ƙafa ɗaya na ajiye wa shi." Tun daga ranar tafiyata ma ta canza.

Mahaifinsa shi ne Fasto Inuwa na 'yar majami'armu da ke kan hanyar Makarfi. Shekara talatin yana koyar da Hausa a sakandare, ya koyar da ni, ya koyar da 'ya'yan limamin unguwarmu, har gobe su ma Baba suke ce masa. Yana saurayi ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a hannun malaman Menonayit, ya dawo gida da abu biyu: ba ya rama mugunta, sai kuma wankin ƙafa. Duk ranar Alhamis ta gaban Ista, maza ɗaki guda, mata ɗaki guda, a zauna bibbiyu, ka cire wa na damanka takalmi ka wanke masa ƙafa, shi ma ya wanke maka, yadda Almasihu ya yi. Da farko dattawa sun ce su da furfurarsu ba za su taɓa ƙafar yaro ba, sai da suka ga Fasto ya durƙusa gaban Lado mai faskare, wanda fason ƙafarsa sai ya haɗiye tsinke. Dokarsa ɗaya ce: ba a zaɓen ƙafa.

Bara Hassana ta zo aikin asibiti daga garin Kudan, ta shiga ƙungiyar mawaƙanmu. Muryarta kamar ruwan randa da tsakar bazara, ban taɓa musun wannan ba, shi ne ma abin da ke ci na. Zakiyyu ke kaɗa mana ganga, ni kuwa na san inda idonsa yake sauka in ta ɗauki waƙa. Kiran da yake mini a waya ya ragu. In na tambaya sai ya ce aiki ne. Na yarda, don ina son in yarda. In zuciyata ta tashi sai in dubi ƙafata, in ce ai zaren yana nan.

Alhamis ɗin bana da la'asar na zaɓi wurin zama da dabara, can ƙarshen benci kusa da ƙawata Mairo, nesa da Hassana. Ana shirin farawa jaririn Mairo ya callara kuka, ta fita da shi.

"Ku matso, ku matso," in ji Mama Indo, matar Fasto. "Ba motar Zariya ba ce balle ku bar wa kwandasta wuri!"

Mata suka kwashe da dariya, aka matso. Ina juyawa dama sai ga Hassana tana mini murmushi.

Na ɗaura tawul, na jawo kwanon ruwa, na durƙusa. Ina kama maɗaurin takalminta hannuna ya tsaya. Jan zare ne, sabo fil, ɗinki ƙanana a jere, da ƙulli biyu a ƙarƙashi, irin wanda mutum ɗaya ne kawai ke yi a duk Ikara.

"Wa ya gyara miki takalmi?" na tambaya ƙasa-ƙasa.

"Zakiyyu," ta ce, ta rufe baki da gyale don kunya. "Wai ba na kasuwa ba ne."

Ana ta rera waƙa, ni kuwa kunnena sai ƙara yake. Na tsoma ƙafarta cikin ruwa. Wayyo, ƙafar ma kyakkyawa ce, diddige sumul kamar ba ta san ƙasa ba. Zakiyyu ya riƙe ta ya gwada maɗaurin ke nan, yadda ya riƙe tawa? Ya ɗago ya kalle ta? Na so in matse 'yan yatsun nan har ta yi ƙara. Na so in kife kwanon a kan zaninta in tashi. Amma na cuɗa, na ɗauraye, na goge da tawul har tsakanin yatsu, hawayena na ɗiga cikin ruwan. Mama Indo ta gani ta gyaɗa kai, ta ɗauka Ruhu Mai Tsarki ne ya taɓa ni.

Sai Hassana ta durƙusa ta cire nawa. Zarena ya koɗe, amma ja ne. Na ga murmushin ya zube daga fuskarta.

"Yaya Lantana, wallahi ban..."

"Wanke kawai, ana jiran kwanon."

Da muka gama muka rungumi juna kamar yadda ake yi, na ce mata salamar Ubangiji ta tabbata gare ki, haƙorana a cije. Ban tsaya Jibin Ubangiji ba. Na bar takalman a ƙarƙashin benci, na kama hanya ƙafa tsirara.

Na kai wajen gonakin rake sai na ji ƙarar keke a bayana. Fasto Inuwa ne, takalmana rataye a kan keken. Ya sauka.

"'Yata, ƙasa da zafi."

"Gara zafin ƙasa, Baba."

Ya juya takalmin a hannunsa. "Zaren uwar Zakiyyu ne, ragowar wanda ta yi mini aikin hula da shi. Hassana ce ta kawo mini takalman tana kuka."

"Ya zaɓe ta, ko?"

Bai kauce ba, bai taɓa kauce wa tambayar ɗalibi ba. "Ya zaɓe ta. Makon jiya ya gaya mana. Na ce ya fara zuwa ya gaya miki da bakinsa, bai zo ba. Na koya wa rabin garin nan karatu, ga nawa ɗan ya kasa haɗa jimla ɗaya ta gaskiya. Zai zo gidanku, ni zan rako shi."

"Ba na son ta, Baba! Ina wanke ƙafar ina so in karya ta."

"Amma kin wanke. Shekara bakwai ina wanke ƙafar wani dattijo da ya nemi a kore ni daga majami'ar nan. Kin taɓa jin na ce da daɗi?"

Na share ido. "Kana da reza?"

Ya laluba aljihu ya ba ni wadda yake fiƙe fensir da ita. Na tsuguna a bakin hanya na yanke zaren ɗinki bayan ɗinki, har maɗaurin ya faɗi. Na dunƙule guntayen ja a tafina, na kasa yarwa.

"To, yanzu kam ba sa sawuwa," in ji Fasto. Ya sunkuya ya cire nasa takalman, ya rataye kusa da nawa, ya kama turin keke.

Muka tafi a hankali, yana ɗingishi kan tsakuwa, yana gaishe da masu komowa daga gona, su kuma suna bin ƙafafunmu da kallo. Bai yi mini wa'azi ba. Ni kuwa har muka kai ƙofar gida, santsin diddigen Hassana bai bar tafin hannuna ba.