Akori-kura Mai Eriya

A unguwar Gomari babu wanda bai san motar Pindar ba. Tsohuwar akori-kura ce fara, da doguwar eriya a bayanta wadda in ya shiga lungu sai ta riƙa karkaɗo ganyen darbejiya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran na'urorin sadarwa a filin jirgi. Da ya yi ritaya sai ya yanki lasin gwamnati irin na masu sha'awar magana ta iska, ya ɗaura rediyon oba-oba a gaban motar, ya saka batir na biyu a bayan kujera. Ranar Asabar yakan je wani fili da ke bayan unguwa, ya kashe inji, ya yi ta murɗawa har ya kamo abokansa: wani likitan dabbobi a Garwa, wani tsohon malami a Yamai. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya san sunayen jikokinsu.

Matarsa Ketura ce ta kawo maganar rabuwa da motar. Ciwon gwiwa ya sa ta gaba, motar kuwa doguwa ce, hawanta sai an yi da gaske. Wata Lahadi bayan sujada a coci, a gaban jama'a, ta ɗaga ƙafa gwiwar ta ƙi, ta sulale ta zauna a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi. Mata suka taru a kanta suna sannu. Da suka shiga gida ta dube shi.

"Baban Serah, ni da motar nan mun gama. In asibiti ne, keke mai ƙafa uku zan riƙa hawa."

"Keke zai girgiza miki ƙafar."

"To ka nemo motar da mutum zai shiga ya zauna."

Kwana uku yana juya maganar, sannan ya kira Ajimi, wani dillalin motoci da ke Moduganari wanda suka daɗe suna gaisawa. Ko awa biyu ba a yi ba Ajimi ya kira shi yana murna, ya ce an dace, akwai mutumin da ke son motar kamar yadda take, da eriyarta da komai, zai ba da ƙaramar mota a yi musaya.

Da hantsin Asabar Pindar ya isa. Filin Ajimi shingen kwano ne da motoci goma sha wani abu a ciki. Mai son musayar yana zaune a benci cikin farar shadda, wayoyi biyu a cinyarsa, yana cin soyayyar fara daga leda. Ba zai wuce shekara arba'in ba.

"Wushe, wushe, Injiniya!" in ji Ajimi, da gaisuwar Barebari. "Ga Alhaji Mikail, ɗan kwangila ne."

Mikail ya gaida shi da ladabi, ya kira shi Baba. Amma bai dubi taya ba, bai ce a buɗe inji ba. Kai tsaye ya buɗe ƙofa ya haye kujerar direba, ya kama makirfon rediyon da hannun da yake cin fara, mai da yaji duk a yatsunsa. Ya kai shi bakinsa ya hura.

"Wannan har ina take kaiwa, Baba?"

"Ya danganta da yanayi," in ji Pindar, idonsa a kan yatsun.

Ajimi ya ja shi zuwa wurin motar da za a ba shi. Ruwan toka ce, an wanke ta tana ƙyalli. Yana buɗe ƙofa ƙamshin turaren wuta ya buge shi, mai yawa, kamar ɗakin amarya. Ya zauna, ya ja numfashi na biyu, sai ya ji abin da ke ƙarƙashin turaren.

Ya san warin nan. Lokacin ambaliyar da ta ci garin, kwana biyar ya yi yana kwasar mutane a bayan akori-kurarsa daga bakin ruwa zuwa makarantun da aka tsugunar da su. Ruwan ya haɗa da masai da kwata da mushen dabbobi, ya yi wata guda yana jin warinsa a farcensa ko ya wanke da me.

Ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙasa. Baƙar laka ce kwance, da danshinta, fumfuna ta yi fari a kai. Wayoyin da ke bi ta wurin duk sun yi kore. Ya cusa hannu ƙarƙashin kujera don ya taɓa ƙarfen, sai ya jawo wani abu mai santsi. Takalmin roba ne na ƙaramin yaro, ƙafa ɗaya, cike da laka.

"Ajimi, motar nan ta sha ruwa."

Ajimi ya yi dariya, bai ko ji kunya ba. "Kai Injiniya, ba a ɓoye maka komai. Kaɗan ta sha. Ta wani malamin makaranta ce a Gwange."

"Ina malamin?"

"Allah ya yi masa rasuwa a ruwan. Amma ba a cikin motar ba fa, kada ka damu! Matar ce ta kawo, tana sauri za ta koma garinsu, na karɓa a yadda na ga dama." Ya karɓi takalmin da yatsa biyu ya wurga shi bayan shinge, ya goge hannu a jikin taya.

Pindar ya fito daga motar ya tofar da yawu.

Mikail ya sauko daga akori-kurar yana murmushi. "Na gaya maka, Ajimi, Baba ba irin waɗanda ake yi wa haka ba ne. Bar wannan, ka ajiye wa wani. Kawo makullin baƙar."

Baƙar motar tana can ƙurya a ƙarƙashin rumfa. Pindar ya bincike ta kamar mai neman laifi. Ya ɗaga kafet, ƙasa a bushe. Ya duba wayoyi, ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashi. Babu abin da ya samu. Kujerar gaba tana ƙasa-ƙasa, mai taushi, ƙofar tana buɗewa sosai, mutum zai juyo da ƙafafunsa ya zauna ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba. Ya kunna na'urar sanyi, sanyin ya zo nan take. Motar ta fi tasa daraja nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya dame shi.

"Alhaji, me ya sa za ka ba da wannan a kan tsohuwar akori-kura?"

Mikail ya matso, ya jingina da ƙofa. Ya yi bayani a natse, kamar mai ba da labarin noman bana. Yana da kwangilar kai hatsin agaji ƙauyukan da aka mayar da 'yan gudun hijira. Ba duk buhunan ke isa ba. Wasu sukan tsaya a wani sito a hanya, a juye su cikin sababbin buhuna, su dawo gari a sayar.

"Kowa haka yake yi, Baba. Matsalar ita ce masu duba kaya. Ba ka san ranar da za su fito ba, hanyar kuma babu sabis na waya. Su da oba-oba suke magana. An ce mini kai ka iya buɗe taka ta riƙa jin tasu. Ka buɗe mini, ka nuna wa direbana yadda ake murɗawa, shi ke nan. Mama ta huta da wahala."

Ajimi ya gaya masa har maganar gwiwar ke nan.

Pindar ya dubi mutumin. Akwai ƙafar fara maƙale a gefen leɓensa. Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ji hannunsa har yanzu yana kan kujerar nan mai taushi, ya ji bakinsa ya ce, "Bari in je in yi shawara."

"Yi shawara, Baba. Motar tana jiranka."

A hanyar gida bai kunna rediyo ba. Ya tsaya a gefen titi ya sayi ruwan leda biyu, ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya kurkure baki, ya jiƙa hankici ya yi ta goge makirfon. Da ya shinshina, yajin yana nan. Ya jefar da hankicin a kwata. Abin da ya fi damunsa shi ne kalmar da ya faɗa da bakinsa. Wace shawara? Mutum ya tsaya a gabanka ya ce yana sace abincin waɗanda ba su da komai, ka ce za ka yi shawara.

Ya tarar da Ketura a tsakar gida, ta miƙe ƙafa a kan kujera 'yar tsugunne tana tsinke yakuwa. Ya zauna ya gaya mata komai, daga takalmin har baƙar motar. Bai rage mata kyawun motar ba.

"To ka cire rediyon ka ba shi motar mana," in ji ta.

"Ba motar yake so ba. Rediyon yake so."

Ta ci gaba da tsinke ganye. Sannan ta ajiye kwanon.

"Ban ce ka taya ɓarawo sata ba, Baban Serah. Allah ya kiyaye. Amma zan tambaye ka abu ɗaya. Da ka shigo yanzu, fuskarka kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Hatsin mutanen ne ya dame ka, ko daɗi ka ji ka samu dalilin riƙe abarka?"

Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Ya tuna cewa tun daga Moduganari, a ƙarƙashin duk ɓacin ran, akwai wani ɗan sanyi da yake ji, na cewa Asabar mai zuwa zai koma filinsa kamar kullum. Ya ciro waya ya kira Ajimi.

"Ka gaya wa mutuminka ba zan yi ba."

"Haba Injiniya! In ba ka buɗe masa ba wani zai buɗe. Kai ne kawai za ka yi asara."

"Na ji. Kuma kada ka ƙara kai maganar iyalina wurin kowa."

Ya kashe wayar, ya shiga ɗaki ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Da rana tsaka, gumi yana zuba, ya kwance eriyar ya jingina ta da katanga. Ya cire batir na biyu. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana naɗe su, waɗanda shi da kansa ya shimfiɗa shekara tara da suka wuce. Da ya zare rediyon sai gaban motar ya zama rami da ƙofofin ƙusa huɗu. Ketura tana kallonsa daga inda take, ba ta ce ya bari ba. Da ya gama ta ce akwai kunun tsamiya a randa.

Kafin sati ya zagayo ya rubuta takarda a kan satar hatsin da Mikail yake yi, ya kai ofishin ƙungiyar da ke ba da hatsin, da sunansa da lambar wayarsa. Wata mata ta karɓa ta buga hatimi ta ce za a duba. Ba wanda ya taɓa kiransa.

Motar kuwa, Ogbonna ne ya ɗauka, wani mai shagon atamfa a Kasuwar Litinin da ke neman abin ɗaukar dilar atamfa. Ya ba shi ƙaramar motar matarsa Ihuoma, tsohuwa, gefe ɗaya a loɓe, na'urar sanyinta ta daɗe da mutuwa. Tun kafin a tambaye shi ya lissafa duk cututtukanta, har da ƙofar baya da ba ta buɗewa sai daga waje. Pindar ya ɗaga kafet ya shinshina. Ƙura ce kawai da ɓawon gyaɗa. Suka yi musabaha.

Ya gwada haɗa rediyon a ɗakinsa, ya ɗaure eriyar a jikin tankin ruwa. Janaretocin maƙwabta suka cika ta da ƙara. Sau ɗaya ya jiyo muryar likitan Garwa can ƙasa-ƙasa yana kiran lambarsa, ya amsa har sau uku, likitan bai ji shi ba.

Bayan wata biyu, suna dawowa daga asibiti shi da Ketura, suka tsaya a layin gidan mai. Wata sabuwar akori-kura ta shigo ta gefe ta wuce layin, da eriya biyu a kanta, sababbi fil. Gilashi ya sauka, Mikail ya leƙo, ya ɗaga hannu da fara'a.

"Baba! Ina gajiya? Ya jikin Mama?"

Pindar ya kama mariƙin gilashinsa ya murɗa har ya rufe ruf.

"Wane ne?" in ji Ketura.

"Shi ne."

Ta juya ta ƙare wa motar kallo, da farar shaddar, da hannun da har yanzu yake sama yana jiran a amsa. Duk da zafin da ake yi, ita ma ta rufe nata gilashin. Suka zauna cikin gumi har layin ya motsa.