Muntaka Tela Ya Tafi Ganin Teku

Nnabuike ne ya ɓata Muntaka. Shagonsa na kayan koli yana jikin rumfar da Muntaka ke ɗinki a bakin kasuwar Tudun Wada, kuma duk ranar da ciniki ya mutu sai ya jawo benci ya hau labarin Ikko. Wai akwai ruwa can da ba shi da ƙetare, ka duba har idonka ya gaji ba ka hango ƙasa ba. Muntaka, wanda bai san ruwan da ya fi kogin Kubanni ba, ya ce ƙarya ce. Amma tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya taka keke ya tsaya, ya tashi ya leƙa titi, ya dawo ya zauna. Har hannun riga ya fara ɗinka wa mutane a baibai.

Ya yi rani da damina yana ƙuntata wa kansa, har kuɗin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa suka haɗu, da ɗan abin da ba a rasa ba. Niyyarsa ya sulale shi kaɗai. To amma matarsa Ishatu ta hau haɗa masa guzuri, ƙanzo da ƙuli-ƙuli da dambun nama, ƙanshi kuwa ba ya riƙe asiri. Kafin la'asar unguwa duk ta ji.

Wanda bai taɓa shirin tafiya a Tudun Wada ba bai san azabar sallahu ba. Mutumin da bai taɓa ba ka ko ɓarin goro ba sai ya tuna kai ɗan'uwansa ne. Malam Isiyaku yana son tabarau. Wata tana son a dubo mata atamfa. Shi kansa Nnabuike, uban ɓarnar, ya ƙulla saƙo zuwa ga ƙanensa. Kuma ba a cewa a'a, sai dai ka ce "Allah ya kai mu" kana haɗiye takaici. Daga ƙarshe Inna Hajo ta zo, tsohuwar da ke sayar da koko a lungunsu, riƙe da ƙullin daddawa.

"Muntaka, ɗana Sabo yana can," in ji ta. "Tun da ya tafi ban ji ɗuriyarsa ba sai a bakin fatake. Ba na son komai. Ka dai gan shi da idonka, ka zo ka faɗa mini."

"In Allah ya yarda, Inna."

Ikko ba ta san baƙo ba. Ka yi sallama a wuce ka, ka tsaya kallo mota ta yi maka tsawa. Ya tambayi farashin abinci sau ɗaya, ya mayar da hannu aljihu bai sake tambaya ba. Wani dillalin goro ya ba shi wurin kwana a zaurensa, tsakanin huhunan goro. Bas kuwa kallonta kawai yake yi, ƙafarsa ce motarsa. Yana jiƙa ƙanzo a gwangwani, ya ci a tsaye, ya ƙara gaba.

Washegarin saukarsa ya hau babbar gada ya tsaya. Ga ruwa shimfiɗe, ga kwale-kwale, ga manyan jirage. Ya ɗaga ido, sai ga gidaje da itatuwa a can ƙetare, yana ganinsu ƙuru-ƙuru. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ashe don wannan ya ci tuwo ba nama shekara guda? Ya yi tsaki, ya tsine wa bakin Nnabuike, ya sa sallahun mutane a gaba. Ya zaga kantuna yana leƙen kaya ta gilashi, ya ɓace ya samu hanya, ya sake ɓacewa. Ya samo tabarau, ya kai saƙo, takalminsa ya tsinke ya ɗaure da zare.

Sai ranar da zai koma, da hantsi, aka nuna masa inda Sabo yake, wani ɗakin katako a Obalende inda yake wanki da guga. Ya rame, hannuwansa duk sun yi fari da sabulu. Da ya ga daddawar ya sunsuna, ya juya baya.

"Yaya Muntaka, me ya kawo ka garin nan?" ya tambaya daga baya.

"Teku na zo gani. Na kuwa gan shi a kan gada, bai kai labarinsa ba."

Sabo ya yi dariya. "Ai wancan ba teku ba ne, tafki ne ya yi girma. Teku yana nan gaba. Ka miƙe hanyar nan, kafin ka gaji ka isa."

Muntaka ya ɗaga kai ya dubi rana. Jirginsa zai tashi bayan azahar, in ya kuskure shi ba shi da kuɗin wani. In ya tashi yanzu zai iya zuwa ya dawo. Ya yunƙura, sai ya ga Sabo ya riga ya aro tukunya a maƙwabta, ya auno shinkafa, yana hura wuta.

"Ba za ka fita daga ɗakina ba ka ci komai ba. Kai ne na farko daga gida da ya taka nan. Yaya Inna? Har yanzu tana dama kokon? Ƙafar tata fa?"

Muntaka ya koma ya zauna. Idonsa yana kan inuwar bango da ke ta janyewa. Itacen ɗanye ne, hayaƙi kawai yake yi. Iska tana kaɗowa daga hanyar nan da wani ɗan wari mai gishiri-gishiri. Sabo ya tambayi kowa, gida-gida, har da waɗanda suka mutu bai sani ba. Sau nawa Muntaka yana buɗe baki ya yi sallama, sai ya rasa yadda zai ce wa tsohuwa ya bar ɗanta da tukunya a kan wuta. Haushi ya kama shi, na Sabo, na Inna Hajo, na Tudun Wada gaba ɗaya. Shinkafar ta nuna, ya ci yana ƙona baki. Da gudu ya sami jirgi.

Ranar da ya dawo, Inna Hajo ta riga kowa zuwa rumfarsa. Ta tsuguna gaban keken, ta sa shi ya faɗa mata komai, ɗakin, sana'ar, har irin rigar da ke jikinsa.

"Ka ce kun ci abinci tare?"

"Kwano ɗaya, Inna."

Ta share ido da bakin mayafi. "Ka huce mini zuciya, ɗan nan. Yadda ka gano mini shi, kai ma Allah ya nuna maka abin da ranka ke so."

"Amin," in ji Muntaka. Ya sunkuya zai zura zare a allura, ya yi ta yi bai shiga ba.