Filtar da Guduma Ya Hura

Makanikan layin gareji suna cewa Guduma bai taɓa jefar da komai ba. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ya miƙar da ita, filogi in ya mutu sai ya kankare shi ya mayar. Mai Walda da ke maƙwabtaka da shi ya ce da mutane ake kai wa Guduma maimakon motoci, da masu haƙa kabari sun nemi wata sana'a. Matan layin gidansu kuwa wani abu daban suke faɗa, wai hannunsa ya fi bakinsa sauri. Sun ga ranar da ya ɗaga wani direba cak ya maka shi a kan bonet, don kawai ya ce gyaran bai yi ba. Mahaifiyarsu kafin ta rasu takan ce ta haifi wuta, ta zo ta haifi ruwa, amma ruwan bai taɓa iya kashe wutar ba.

Ruwan da take nufi shi ne ƙanensa, wanda kowa ke kira Mai Tanka. Tsohuwar tankar ruwa gare shi, ita kaɗai ya mallaka a duniya. Da ita yake cika tankunan gidaje goma sha huɗu a layin duk bayan kwana uku, har da gidan yayansa. Sana'ar ruwa kuwa amana ce. Ranar da aka ce ruwanka ba shi da kyau, ranar ka tashi daga aiki.

A kicin ɗin Guduma, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, akwai wani shuɗin mazubi na roba. A cikinsa farar filta take, tsawonta kamu guda, ta nan ruwan sha ke bi kafin ya fito ta ƙaramin famfo. Mai gyaran famfon da ya haɗa ta ya rubuta kwanan wata a bango, ya ce wa matar gidan bayan wata shida a cire a sa sabuwa. Ya ƙara da cewa ko kafin nan, in ta ga ruwan ya rage gudu, ko ɗanɗanonsa ya canza, ko ya soma wari, kada ta tsaya jiran kwanan wata.

A wata na bakwai ta yi magana.

"Baban Auta, matatar nan fa ta gaji. Kafin jarka ɗaya ta cika sai na wanke tukunya biyu."

"Ta gaji? Dako take yi?"

Ya durƙusa ya kwance mazubin. Filtar ta fito launin ruwan shayi. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta a gwiwarsa.

"Toshewa ce kawai. Nawa nake hurawa a rana?"

"Ai ta mota daban."

"Filta filta ce. Ko yanzu ke za ki koya mini filta?"

Ya tafi da ita gareji, ya goge ta da buroshi da garin sabulu, ya kafa mata bakin tiyon injin iska, ya hura har ta yi fari-fari. Da yamma ya mayar da ita, ruwa ya zo. Haka ya yi sau uku cikin shekara ɗaya da rabi. A karo na uku ya ƙara wa injin ƙarfi, wani abu ya ce fat a cikinta, bai kula ba. Ranar famfon ya yi ta feshi kamar bai taɓa toshewa ba. Ya kira matarsa ta gani.

"To, mai ilimin famfo, me sabuwa za ta fi wannan?"

Ta kurɓi ruwan, ta ji wani ƙarni-ƙarni, ta haɗiye shi tare da maganarta.

Kwana tara bayan haka Auta, 'yarsu mai shekara uku, ta kwanta da amai da gudawa. Kafin kwana biyu idanunta sun faɗa, wuyanta ya kasa riƙe kanta. A asibiti nas ta sha wuya kafin ta sami jijiyar da za ta sa mata ƙarin ruwa. Guduma yana tsaye yana kallon allura na shiga hannun da bai kai kaurin babban yatsansa biyu ba.

"Irin wannan yawanci daga ruwan sha ne," in ji nas.

Tana da sauran magana, amma bai tsaya ji ba.

Ya tarar da ƙanensa a ƙofar gidan Mai Kanti, yana riƙe da tiyo, injin tanka na ruri. Rana ta take, layi cike da mutane.

"Yaya, ya jikin Auta? Yanzu nake cewa da na gama nan..."

Marin ya sauka a kunnensa na hagu. Tiyon ya kuɓuce masa yana watsa ruwa ko'ina. Kafin ya miƙe Guduma ya cafi wuyan rigarsa ya buga kansa da jikin tanka, ƙarfen ya yi ƙara kamar an daki ganga.

"Daga ina kake ɗebo ruwan nan?"

"Yaya, rijiyar burtsatsen da ka sani..."

"Ƙarya kake, ɗan banza! Ni na goya ka, ni na koya maka tuƙi, shi ne za ka kashe mini 'ya?"

Ya zaro babbar sifana daga aljihun wandon aikinsa. Mai Tanka ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, sifanar ta sauka a tsintsiyar hannun. Duk wanda ke kusa ya ji ƙarar ƙashin. Bai yi ihu ba, sai ya durƙushe cikin taɓo yana kallon hannun da ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Bai rama ba. Tun suna yara bai taɓa ramawa ba.

Mai Kanti da wasu mutum biyu suka rirriƙe Guduma, amma maganar ta riga ta fita. Wata mata ta ce ita ma ta ji cikinta na murɗawa a makon jiya. Wani ya ce ya taɓa ganin tankar a tsaye kusa da babbar kwata, bai faɗi cewa taya ce ta yi faci a wurin ba. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji wani dattijo, "tun da ɗan'uwansa ya faɗa, magana ta ƙare." Dutse na farko ya fasa gilashin gaba. Aka soke tayoyi biyu. Wani ya murɗe bakin tankar, ruwan gida huɗu ya bi layi yana kwasar shara.

Washegari da safe nas ta zo canza ledar ƙarin ruwa, ta tarar da uwar Auta ita kaɗai.

"Jiya maigidanki bai bari na gama ba. Gida nawa ke shan ruwan da kuke sha?"

"Goma sha huɗu."

"Yara nawa aka kawo?"

Uwar Auta ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta. Akwai mai jariri, akwai mai 'yan biyu. Babu ko ɗaya.

"Kuna da matata a gida? Yaushe rabon da a canza ta?"

Ta tuna kwanan watan da aka rubuta a bangon kicin.

"Ki ji," in ji nas, "matata shara take tarawa. In ta cika ba a fitar da ita ba, wata rana abin da ta tara shi za ta riƙa ba ku."

Ta kira yayarta ta zo ta zauna a bakin gadon, ta koma gida, ta kwance shuɗin mazubin da hannu biyu da zanin goge kwano. Warin da ya taso sai da ta kau da kai. Ta jefa filtar a bokiti, ta nufi gareji da ƙafa.

Guduma na ƙarƙashin wata mota. Ta ajiye bokitin a kan teburin aikinsa, gaban sauran makanikai.

"Baban Auta, fito ka yanka wannan."

Ya turo kansa waje. "Wa ya ce ki taɓa ta? Wa kika bar wa yarinya?"

"Gida goma sha huɗu ke shan ruwan ƙanenka. Tamu kaɗai ce a kwance."

"Ki ɗauke bokitin nan ki wuce."

"Sai ka yanka."

"A gaban mutane za ki tsaya kina..."

Ya hankaɗe ta. Ta yi baya, ƙeyarta ta bugi ƙofar motar, ta zame ƙasa. Ta shafa kanta, ta dubi jinin da ke yatsunta, ta miƙe tana dafa taya.

"Dake ni. Jiya ka karya ɗaya, yau ka fasa ɗaya. In ka gama da mu, filtar tana nan tana jiranka."

Mai Walda ne ya ajiye tabaraunsa ya zo. Bai dubi Guduma ba. Ya ɗaure filtar a ƙarfen matse kaya na teburin, ya ɗauki zarto, ya raba ta biyu a tsaye.

Wajenta fari-fari ne, inda buroshi ya kai. Cikinta baƙin yauƙi ne mai kauri, yana naso. Daga sama har ƙasa ga wata tsaga mai faɗin yatsa, inda iska ta keta ta. Ta nan ruwa ke wucewa a guje ba tare da an tace shi ba, yana ɗibar dattin shekara ɗaya da rabi zuwa kofin Auta.

Mai Walda ya toshe hanci. "Guduma, wannan karon gawa ka yi wa wanka ka mayar ɗaki."

Ba wanda ya yi dariya. Guduma ya sa yatsa cikin tsagar. Ya san wannan aikin, aikin iska ne, ya ma tuna ƙarar. Ya daɗe a tsaye, yatsan na ciki.

Ana haka sai ga mai faci a kan babur. "Kuna nan? 'Yan layinku sun tafi da jarkar fetur, wai yau sai sun ga tokar tankar nan."

Guduma ya kwashi ɓarin filtar biyu ya fita da gudu.

Tankar na nan inda aka bar ta, a karkace kan tayoyin da suka sace. Mai Tanka na tsaye a gabanta, hannunsa ɗaure a wuya, leɓensa a kumbure. Mutum kusan ashirin sun kewaye shi. An riga an watsa fetur a kujerar direba.

"Ga uban yarinya nan! Ku ba shi ashana, shi ya fi cancanta!"

Guduma ya fizge jarkar daga hannun mai riƙe da ita ya wurgar cikin kwata. Mutumin ya kai masa naushi, ya mayar masa da biyu. Wani daga baya, da bai gane abin da ke faruwa ba, ya muƙa masa katako a goshi. Fatar ta dare, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya dafa tanka don kada ya faɗi, ya ɗaga ɓarin filtar sama.

"Ku sunsuna! Kai Mai Kanti, zo ka sunsuna! Daga kicin ɗina ta fito. Ni na hura ta, ni na fasa ta. Ruwan yaron nan lafiyarsa ƙalau."

Mai Kanti ya karɓa, ya kai hanci, ya yi saurin miƙa wa na kusa da shi. Ta zaga hannu biyar ko shida. Mai ashana ya mayar da ashanarsa aljihu. Dattijon jiya ya tuna yana da wani uzuri. Wata mata ta tambayi ta gefenta a hankali ko tasu matatar ta kai shekara. Amma yawancinsu ba su tafi ba, suka ja baya suka tsaya.

Guduma ya juya wajen ƙanensa. Ya ɗaga hannu don ya share jinin idonsa, Mai Tanka ya yi saurin sunkuyar da kai ya kare fuska da hannu mai lafiyar. Hannun Guduma ya tsaya a sama. A hankali ya sauke shi.

"Yaya, Auta fa?"

"Suna ƙara mata ruwa. An ce za ta tashi."

Mai Tanka ya gyaɗa kai. Guduma ya dubi ƙasa, ya motsa baki, ya faɗi wani abu da ko shi bai ji sosai ba.

"Yaya, ban ji ba. Kunnen nan tun jiya ba ya ji."

Guduma ya dubi mutanen layi, ga matarsa can a bayansu, ɗankwalinta dafe a ƙeya. Ya zagaya ta ɓangaren kunnen dama, ya durƙusa cikin taɓo da fasassun gilasai, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Ƙanena, na zalunce ka. Na karya maka hannu, na ɓata maka suna, ba ka yi komai ba. Don Allah ka yafe mini."